Littafin aikin kwashe kaya daga tsohuwar kwamfuta

2 ga Agusta, 2025

Aikin da na ɗaura wa aniya shi ne in kwashe duk abin da na tara a tsohuwar kwamfutata, takardu da wasiƙun imel da hirarraki da hotuna, in zuba su a siffar da za ta buɗu ko da manhajar da ta samar da su ta daina aiki. Abin da ya sa sai yanzu shi ne sanarwar Microsoft cewa daga 14 ga Oktoba, 2025 za ta daina tallafa wa Windows 10, wadda ta fito tun Yulin 2015. Akwai ƙarin wa'adin shekara ɗaya na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista, amma wannan jinkiri ne kawai. Kwamfutar tawa ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke nema, ga shi kuma lafiyarta ƙalau, allonta garau, maɓallanta duk suna aiki. Ban ga dalilin jefar da ita ba. Zan sa mata Linux Mint, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wadda aka gina a kan Ubuntu, kuma ake kula da kowane babban zubinta har shekara biyar.

Sai dai kafin a share faifai dole a san abin da ke kansa. Na kafa wa kaina sharaɗi ɗaya da zan bi har ƙarshen aikin: ba zan lissafa abu cikin waɗanda suka tsira ba sai na buɗe shi da wata manhaja daban da wadda ta rubuta shi, intanet kuma a kashe.

6 ga Agusta

Yau kwafe-kwafe ne. Filas ɗin da na fara da shi ya ƙi karɓar wani bidiyo, wai ya yi masa girma, alhali fiye da rabinsa fili ne. Ashe an tsara shi da FAT32, tsarin da ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4 komai faɗin filas ɗin. Da na sake tsara shi da exFAT, wanda Windows da Linux duk suke karantawa, bidiyon ya wuce salin alin.

Sunayen fayil su ma da nasu rikicin. Windows ba ta yarda da alamar tambaya ko tauraro ko ɗigo biyu a cikin suna, Linux kuwa ba ruwanta. Linux tana ɗaukar "Rahoto" da "rahoto" fayil biyu ne daban, Windows tana ganinsu abu ɗaya. Ga kuma tsohuwar iyakar nan ta harafi 260 a tsawon hanyar fayil, wadda ta tsayar da kwafar wasu jakunkuna da suka shige cikin juna da yawa. Na rage zurfinsu, na kuma fara sa kwanan wata a farkon kowane suna, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2019-03-07, yadda ƙa'idar ISO 8601 ta tanada. Da haka fayiloli ke jera kansu bisa tarihi ba tare da an taɓa su ba.

Bayan an gama na fitar da lambar shaida ta SHA-256 ga kowane fayil, na asali da kwafinsa, na gwama. Lamba ce mai alamomi 64 wadda ke canzawa gaba ɗaya idan ko ɗigo ɗaya ya sauya a cikin fayil. Hotuna kaɗan sun saɓa. Da ido ba a ganin komai a jikinsu. Na sake kwafarsu ta wata kafar USB suka daidaita.

12 ga Agusta

Imel ya ba ni aiki, amma shi ne ya fi faranta mini rai zuwa yanzu.

Abu na farko da ya kamata kowa ya tantance shi ne ta wace hanya manhajarsa ke ɗauko wasiƙu. Tsohuwar hanya, POP3, tana sauke wasiƙa zuwa kwamfuta, sau da yawa ma ta goge ta daga sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsa da ke ajiye wasiƙu. Wadda aka fi amfani da ita yanzu, IMAP, tana barin komai a sabar, abin da ke kwamfuta hoton abin da ke can ne kawai. Idan aka share wasiƙa a can, ko aka rufe akwatin, da zarar manhajar ta tuntuɓi sabar sai ta share nata kwafin ita ma. Wani lokaci ma kanun wasiƙun kaɗai take riƙewa, sai an latsa take ɗauko jikin. Na kashe intanet na gwada buɗe wasiƙun shekarun baya, da yawansu suka fito fayau, ba komai sai suna da kwanan wata. Shekara da shekaru ina kallonsu a allo ina ɗauka suna hannuna.

Na sa manhajar imel ta Thunderbird, na umarce ta ta sauke kowace wasiƙa da jikinta da abin da aka liƙa mata, sannan na kwafe su zuwa jakunkunan cikin kwamfuta da ba su da alaƙa da wata sabar. Tana adana su a tsarin mbox, wato fayil ɗaya na rubutu zalla ga kowace jaka, wasiƙa na bin wasiƙa. Na buɗe ɗaya da manhajar rubutu mafi sauƙi da ke kwamfutar, ga wasiƙun nan ana karanta su tsaf, da sunan mai aikowa da lokaci da hanyar da suka biyo. Ƙa'idojin da imel ya ginu a kansu, RFC 821 ta Jon Postel da RFC 822, an wallafa su tun 1982, kowa na iya karantawa ya rubuta manhajar da za ta bi su. Shi ya sa wasiƙar da wani ya aiko daga manhajar da ta daɗe da mutuwa take buɗuwa a yau ba tare da roƙon kowa ba.

A hanya na gane wani abu da ya daɗe yana ba ni haushi. Sau da yawa nakan liƙa fayil mai megabait 20, a ce mini ya wuce iyakar 25. Dalilin shi ne imel rubutu kaɗai yake ɗauka, don haka hoto ko takarda sai an mayar da su haruffa ta hanyar base64, wadda ke juya kowane bait uku zuwa harafi huɗu. Fayil ya kumbura da kashi ɗaya cikin uku ke nan tun kafin ya bar kwamfuta.

Matsaloli biyu suka biyo baya. Kamfanin da ke riƙe da ɗaya daga akwatunana yana amfani da laƙabi maimakon jaka, wasiƙa ɗaya na iya ɗaukar laƙabi uku, ta IMAP kuwa kowane laƙabi jaka yake zama, sai wasiƙar ta sauko sau uku. Abin da ya cece ni shi ne layin Message-ID da ke kan kowace wasiƙa, wanda ba ya maimaituwa, da shi na tace masu maimaici. Ta biyu kuma, wasiƙar da aka goge a mbox ba ta fita daga fayil ɗin nan take, alama kawai ake yi mata, sai an matse jakar take tafiya. Wanda zai miƙa wa wani irin wannan fayil ya fara matse shi tukuna, in ba haka ba zai miƙa har abin da yake zaton ya share.

20 ga Agusta

Hirarraki. Nan ne na san aikin zai yi tsauri, kuma ya yi.

Na zauna na tuno manhajojin hira da suka shuɗe a idonmu. MSN Messenger an naɗe ta cikin Skype a 2013. AIM ta rufe a Disambar 2017, Yahoo Messenger a Yulin 2018, BBM ta jama'a a Mayun 2019, Hangouts a 2022. ICQ, wadda ta fara tun 1996, ta tsaya a Yunin 2024. Skype ɗin kanta, da ta fito a 2003, an rufe ta a Mayun 2025. Kowace a cikinsu ta yi zamanin da mutum ba ya tunanin za a wayi gari babu ita. Ban kawo jerin don in zargi kowa ba, kamfani na da 'yancin rufe abin da ba ya biya masa. Na kawo shi ne don in tuna wa kaina cewa manhajojin da nake amfani da su yau ba su fi waɗannan tsawon rai a rubuce ba.

Manhajar da mafi yawan hirarrakina ke ciki ba ta da maɓallin fitar da hira a zubinta na kwamfuta sam. Sai an koma waya, a shiga hira ɗaya bayan ɗaya, a fitar da kowace daban, kuma akwai iyakar yawan saƙonnin da take bayarwa, na baya-bayan nan take ɗauka ta bar tsofaffin. A manyan zaurukan da muka shekara muna magana, farkon zancen, wanda shi na fi so, shi ne bai fito ba. Abin da ya fito ɗin ma rubutu ne miƙe, an cire masa abubuwa da dama. Amsar da aka ba wani saƙo ba ta nuna wanne take amsawa, sai ka ga "na yarda" tsaye ita kaɗai ba ka san da me aka yarda ba. Kwanan wata ya zo da tsarin wayar, 03/07/19, wanda nan da shekara ashirin ba mai iya rantsewa ko Maris ne ko Yuli. Na rubuta ɗan bayani a saman kowane fayil ina faɗin wanne ne rana wanne ne wata.

Telegram ta kwamfuta, tun 2018, tana iya fitar da dukkan akawun a lokaci guda, a siffar HTML da ake buɗewa da burauza ko JSON da wata manhaja za ta iya sarrafawa, da hotuna da saƙonnin murya kowanne a gurbinsa. Na gwada da intanet a kashe, ya buɗu. Tana iya yin haka cikin sauƙi ne domin hirarrakin yau da kullum suna ajiye a sabar kamfanin. Kullewar nan da mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke da mabuɗinta sai a hirar sirri ake samunta, ita kuwa a na'urar da aka yi ta kaɗai take zama. Signal ta bi ɗaya ɓangaren, komai a kulle yake, kuma tsarin kullewarta ne WhatsApp ta kammala shimfiɗa wa duk masu amfani da ita a Afrilun 2016.

Na ji mutane na cewa dole a zaɓi ɗaya, ko sirri ko ajiya. Ban yarda da wannan ba, kuma na daɗe ina juya shi. Kullewa tana kare saƙo ne a hanya, tsakanin na'urata da ta abokin hirata. Da ya iso an buɗe shi, ga shi a allo ina karantawa. Babu wata ƙa'idar lissafi da ta hana manhaja ta ba ni cikakken kwafin abin da ta riga ta nuna mini, a siffar da kowa ya san yadda ake karanta ta. In ba ta bayar ba, shawara ce wani ya yanke a teburinsa. Akwai hujja ɗaya da nake girmamawa: hira ta mutum biyu ce, wanda ya yi magana yana zaton za ta gushe bai so a tara ta a fayil ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa saƙonnin da aka sa wa lokacin ɓacewa ban nemi hanyar riƙe su ba, kuma ajiyar da na yi zan kulle ta. Amma wannan hujjar ba ta bayyana dalilin yanke tsofaffin saƙonni a bar sababbi ba.

Abin takaicin shi ne an taɓa samun hanyar da hira za ta zama kamar imel. Jabber ta fara a 1999, ta zama ƙa'idar XMPP a 2004, wadda mai akawun a wata sabar zai yi magana da na wata sabar. Google Talk a kanta aka gina ta a 2005. Daga baya manyan kamfanoni suka koma kowa da katangarsa. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, da ta fara hawa kan manyan kamfanoni a Maris ɗin 2024, ta wajabta wa wasunsu buɗe ƙofa ga wasu manhajojin hira. Ina fatan abin ya yi nisa, ya kuma wuce iyakar Turai.

25 ga Agusta

Saƙonnin murya sun fito da ƙarshen suna na opus. Na yi fargaba da farko, sai na ga Opus ƙa'ida ce buɗaɗɗiya da aka wallafa a 2012, manhajar sauti da bidiyo ta VLC ta kunna su ba gardama. A cikinsu akwai na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, waɗanda ba su da kwafi a ko'ina sai wayata da ta yayata. Na kira ta na ce, "Yaya, don Allah kada ki canza waya sai na zo na kwashe saƙonnin Baba da ke wajenki." Ta ce ai tana da ajiya a intanet. Na tambaye ta ko ta taɓa gwada dawo da ita, ta ce a'a, kuma ba ta tuna kalmar sirrin da ta kulle ta da ita ba. Irin wannan ajiyar, in kalmar ta ɓace, kamfanin kansa ba ya iya buɗe ta. Mun yi alkawari ƙarshen mako.

Hotuna kuwa, waɗanda aka turo ta hira duk an matse su, an kuma cire bayanan EXIF da kyamara ke rubutawa a ciki, wato ranar ɗauka da irin na'ura da wuri. Cire wurin alheri ne ga mai turawa. Amma ga mai son jera hotuna bisa tarihi, ranar da aka turo kaɗai ta rage. Wanda ke son hoto ya isa yadda yake, ya tura shi a matsayin fayil.

3 ga Satumba

Takardu. Tsofaffin da na rubuta da Hausa kashi biyu ne masu ciwo. Kashi na farko an buga su da wani zubin haruffa na musamman, irin wanda aka yi kafin Unicode, tsarin bai-ɗaya na lambobin haruffa, ya yaɗu, inda aka ɗauki gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba aka zana ƙ ko ɗ a wurin. Muddin zubin na kwamfuta, komai daidai. Da babu shi sai alamomin asali su bayyana a tsakiyar kalmomi. Maganin shi ne in gano wace alama ke tsaye a madadin wane harafi, in musanya su duka da na Unicode, inda kowanne ke da lambarsa ta dindindin: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199.

Kashi na biyu sun fi sauƙi da zarar an gane su. Duk inda ƙ take sai in ga Æ™, inda ɗ take kuma É da dogon layi. Rubutun lafiyarsa lau, an adana shi da UTF-8, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, wanda ke rubuta ƙ da bait biyu. Manhajar da ta buɗe shi ce ta karanta kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa bisa tsohon tsarin Windows-1252. Sai a sake buɗewa a gaya mata UTF-8 ne. Haɗarin kawai shi ne a adana fayil ɗin yana cikin wannan hali, domin a nan ne ɓarnar ke zama ta gaske.

Wani abin da ya burge ni: fayil ɗin docx jakar zip ce kawai. Na canza ƙarshen sunan wata takarda da ta ƙi buɗuwa zuwa zip, na shiga ciki, ga rubutun a fayil ɗin XML, ga hotunan a jakarsu. Na ceto ta ta haka. Takardun odt na manhajar ofis ta LibreOffice ma haka suke. Tsarinsu na ODF ya zama ƙa'idar ISO a 2006, na docx ya bi a 2008.

Shafukan da suka zame a LibreOffice, tebur ya tsallaka wani shafi, layi ya ƙaru, yawancinsu ba laifin tsarin fayil ba ne, rashin zubin haruffan asali ne. Da na sa Carlito da Caladea, waɗanda aka auna faɗin haruffansu daidai da Calibri da Cambria, shafukan suka koma mazauninsu. Duk takardar da aikinta ya ƙare na fitar mata da kwafi na PDF/A, wanda ke haɗiye zubin haruffan a cikinsa, na ajiye tare da na asali.

10 ga Satumba

Na fitar da lambobin waya zuwa CSV, wato fayil ɗin jadawali na rubutu zalla, na buɗe da manhajar jadawalin lissafi, sifilin farkon kowace lamba ya ɓace, dogayen lambobi kuma suka koma wani abu mai E a tsakiya. Manhajojin jadawali suna ɗaukar duk abin da ya yi kama da adadi a matsayin adadi, kuma ba sa riƙe fiye da alƙaluma 15 daidai. Lambar kati ko ta shaida mai alƙaluma 16 tana iya rasa na ƙarshenta ba tare da gargaɗi ba. Wannan ɗabi'a ta kai ga, ya zuwa 2020, kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya canza wasu sunaye, SEPT1 ta koma SEPTIN1, MARCH1 ta koma MARCHF1, saboda jadawali na mayar da su kwanan wata a bayanan masu bincike. Masana kimiyya ne suka kauce wa manhaja.

A LibreOffice Calc akwai tagar da ke fitowa kafin a buɗe CSV, inda ake iya cewa wannan shafi rubutu ne, a bar shi yadda yake. Lambobin wayar dai na bar CSV na koma vCard, kalanda kuma iCalendar, dukansu rubutu ne da ake karantawa da ido.

21 ga Satumba

Na kunna Linux Mint daga filas ba tare da na girka ta ba, na gwada sauti da kyamara da wayales da firinta. Firintar ta bayyana da kanta, babu neman manhajar da ke tafiyar da ita, albarkacin ƙa'idar IPP da sababbin firintoci ke bi. Daga nan na girka ta gefe da gefe da Windows, na ɗan wani lokaci.

Washegari wani shafi ya yi ta ƙin karɓar lambar tabbatarwa mai alƙaluma shida da manhajar kwamfutar ke ba ni. Irin wannan lamba, TOTP, ana lissafa ta ne daga wani mabuɗin sirri haɗe da lokaci, tana canzawa duk daƙiƙa 30, don haka agogon da ya kauce ba zai taɓa ba da lambar da ta dace ba. Agogon kuwa ya kauce ne saboda Windows tana rubuta lokacin gari a agogon cikin kwamfuta, Linux kuma tana rubuta lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, kowace ta tashi sai ta fassara abin da ɗayar ta bari da nata fahimtar. Na daidaita su a kan UTC, na kunna gyaran agogo ta intanet, lambar ta shiga.

Wannan ya tuna mini mabuɗan kansu. Na mayar da kalmomin sirri da mabuɗan TOTP cikin KeePassXC, wadda ke ajiye komai a fayil ɗaya kulle, na kuma buga lambobin ceto na kowane akawun a takarda.

30 ga Satumba

Kwamfutar ta yi sauƙi sosai, har sai na buɗe manhajojin hira uku a tare, fanka ta tashi. Na duba ma'aunin RAM na ga kowace tana cin rabo mai tsoka tana zaune ba ta komai. Da yawa daga manhajojin kwamfuta na yanzu an gina su da Electron, wanda ya samo asali a GitHub a 2013, kuma kowace manhajar Electron tana ɗauke da nata cikakken injin burauzar Chromium. Buɗe uku daidai yake da buɗe burauza uku. Na fahimci abin da ya ja masu ginawa, rubutu ɗaya ya yi aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ba don haka ba da wasu manhajojin ba za su taɓa zuwa Linux ba. Amma mai tsohuwar kwamfuta ne ke biyan kuɗin wannan sauƙin. Biyu daga cikinsu na mayar da su shafuka a burauza ɗaya, na hana dukansu tashi da kansu idan an kunna kwamfuta.

Sanarwa ma na rage. Na kashe ta kowane zaure, na bar ta mutum ɗaya-ɗaya da inda aka ambaci sunana. Ban rasa wani abu mai muhimmanci ba tun lokacin, kuma ina iya gama shafi guda na rubutu ba a katse ni ba.

14 ga Oktoba

Ranar ta zo. Na shiga Windows na bi jakunkunan da manhajoji ke ɓoye kayansu, musamman AppData, na samo ƙamus ɗin kalmomin da na yi ta ƙara wa mai duba rubutu da alamomin shafukan burauza. Ban share ɓangarenta ba tukuna, amma na cire mata intanet.

27 ga Oktoba

Saƙonnin Baba da ke wayar Yaya sun shigo, an gwama lambobin shaidarsu, kuma na ba ta kwafi a filas nata. Da muka haɗa nata da nawa sai muka ga kowannenmu na da waɗanda ɗayan bai taɓa ji ba.

Wata manhajar hira ta fitar da ni daga zubinta na kwamfuta saboda wayar da aka haɗa ta da ita ta daɗe a kashe. Da na sake haɗawa, tarihin da ya dawo bai kai wanda ke nan a da ba. Ban rasa komai ba tunda na riga na fitar da su a Agusta, amma ya tabbatar mini cewa zubin kwamfuta na irin waɗannan manhajoji reshe ne na waya, ba wurin ajiya ba ne. Na sa wa kaina tunatarwa in riƙa fitar da muhimman hirarraki duk wata uku, kafin su kai iyakar da ake yankewa. Shawarwarin aiki kuma, duk abin da aka tsayar a zaure, ina bin sa da gajeren imel ga waɗanda abin ya shafa. Wani abokin aiki ya ce, "Malam, wannan ai maimaici ne." Na ce masa haka ne, amma shi ne kwafin da zai buɗu a wurinsa da wurina ko wace manhaja muka koma.

9 ga Nuwamba

Ajiyar ko-ta-kwana yanzu kwafi uku ce: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje da rsync ke sabuntawa, yana kwafar abin da ya canza kaɗai, ɗaya kuma a kulle a wani gida daban. Yau na yi gwajin da ya fi kowanne. Na ari wata kwamfuta, na kunna ta daga filas, ban haɗa ta da intanet ba, na jona faifan wajen. Imel ya buɗu, takardu sun buɗu da haruffansu daidai, saƙonnin murya sun yi magana, fayil ɗin kalmomin sirri ya karɓi mabuɗinsa.

Abu biyu ba su ci gwajin ba. Akwai tsofaffin zane-zane da na yi da wata manhaja da ta daina fitowa, waɗanda babu abin da ke buɗe su sai ita. Zan kunna ta a ɓangaren Windows in fitar da kowanne zuwa SVG da PDF kafin in share ɓangaren. Sai kuma farkon hirar manyan zauruka biyu da iyakar fitarwa ta yanke. Na rubuta wa waɗanda muka fara zaurukan tare ina tambaya ko akwai mai tsohon kwafi, mutum ɗaya ya amsa cewa yana da wanda ya fitar a 2020, zai turo mini a mako mai zuwa.